Gefen Hagun Gwaggo

Injiniya ba ta taɓa zana wa dabba wurin zama ba sai da aikin gidan namun daji ya faɗo wa kamfaninsu. Makarantu ta saba zanawa da ɗakunan shan magani. Ranar da ta shimfiɗa takardun a teburin cin abinci, mijinta, wanda malamin lissafi ne a sakandare, ya leƙo ta kafaɗarta ya ce, "Wato giwa za a yi wa tafki da inuwa, mu kuwa kicin ɗinmu in kin shiga sai na fita."

"In ka kai nauyinta sai ka kawo ƙorafi," ta ce.

Giwa ɗaya ce ta rage a gidan, tsohuwar mace da ma'aikata ke kira Gwaggo. An daɗe ana ja-in-ja a kanta. Wasu 'yan kwamitin gidan sun ce zamanin tsare giwa a tsakiyar gari ya wuce, a jira ta mutu a rufe sashen. Wasu suka ce a faɗaɗa wurin yadda giwa za ta yi tafiya ta gaji, har a kawo wasu nan gaba. Na biyun suka yi rinjaye, aka ware tsohon wurin ajiye motoci da gonar ciyawar da ke bayansa.

Tsohon wurin Gwaggo bai fi tsakar gida ba, ƙasansa kankare, bangonsa ya yi baƙi da gogar jiki. Injiniya ta tarar da ita tana zagaye a hankali, ta je ƙarshe ta juyo. Abin da ya ja hankalinta shi ne giwar ba ta bin jikin bango. Kullum tana barin wani fili tsakanin hagunta da bangon, ko a kwana ba ta cin wannan filin.

Ta tambayi dattijon da ke kula da ita, wanda kowa ke kira Baba mai giwa.

"Nan wurin Auta ne," ya ce. "Tare aka kawo su suna ƙanana. Kankaren nan ya cinye mata tafin ƙafar baya, ta yi ta jan ta har ta kwanta ba ta tashi ba. An kwana biyu da yin haka. Sabo ne kawai, Injiniya."

Aiki ya yi sauri. Katafila ta baje filin, aka haƙa tafki, aka bar manyan itatuwan da ke gonar. Tsakanin tsohon wurin da sabon aka kafa ƙofar ƙarfe mai tafiya a kan dogo, faɗinta daidai giwa ɗaya da ɗan rara, don likitan dabbobi ya ce haka ya fi sauƙin duba su ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe aka farfasa kankaren tsohon wurin aka zuba yashi.

Ranar da aka buɗe ƙofar, Gwaggo ta zo bakinta ta tsaya. Ta kalli filin, ta ɗaga hanci ta shinshini iska. Sai ta juya kai hagu ta yi wani ƙugi mai zurfi, wanda Injiniya ta ji a ƙirjinta fiye da kunnenta. Ta ɗan jima a haka, sannan ta ja da baya ta ci gaba da zagayenta.

Aka jera mata ayaba daga bakin ƙofa har tafki. Ta miƙa hanci ta cinye wanda ta iya kaiwa, ta bar wa tsuntsaye sauran. Baba ya shiga filin ya yi ta kiranta har muryarsa ta dushe. Mako ya zagayo ba ta taka ba. Manajan gidan, wanda ya riga ya gayyaci mutane bikin buɗewa, ya fara magana shi kaɗai a ofis.

Wata rana da azahar Baba ya aika a kira Injiniya daga wajen magina. Ta same shi riƙe da manjagara, Gwaggo kuma tana cikin ɗakin wanka an rufe ta.

"Da safe na share yashin nan tas," ya ce. "Duba."

Sawun Gwaggo ya yi layi a inda ta saba bi. A gefensa, ta wajen bango, akwai wani layin. Sawun wannan layin ƙanana ne a kan nata, kuma ba su taɓa haɗuwa da su ba.

Likitan dabbobi ya zo ya tsuguna. Ya ce ai ƙafar giwa ta baya ta fi ta gaba ƙanƙanta, mutane sukan ruɗe. Injiniya ta zaro tef ɗin awo ta auna sawun gaba na Gwaggo, ta auna na baya, sannan ta auna na jikin bango. Bai yi daidai da ko ɗaya ba. Kuma a layin nan, bayan kowane 'yan taku, akwai doguwar shaida a yashi, kamar an ja wani abu mai nauyi.

Likitan ya daɗe yana kallon shaidar. Sai ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce yana da kura da zai yi wa allura.

"Baba, ka taɓa ganin wannan a da?" in ji Injiniya.

"A kankare me zan gani, 'yar nan?"

Washegari ta shiga lungun ma'aikata da ke jikin ƙofar, ta tsaya bayan sandunan ƙarfe kusa da ginshiƙin hagu, don ta ga ko wani abu ne ke ƙyalli yana tsorata giwar. Rana tsaka ce, ana jiyo 'yan makaranta can wajen birai. Gwaggo ta zo kamar kullum ta tsaya, jikinta ya kusa goga ginshiƙin dama. Ta yi ƙugin nan.

Sandunan da ke gaban Injiniya suka yi ƙara a hankali, irin ƙarar ƙarfe in an jingina masa kaya. Tana kallo ɗaya daga cikinsu ya ɗan lanƙwaso wajenta. Babu komai a tsakaninta da Gwaggo sai hasken rana. Wata iska mai ɗumi da warin jiƙaƙƙiyar ciyawa ta sauka a wuyan hannunta, ta hau har kafaɗa, ta ɗaga bakin mayafinta ta sake shi. Hancin Gwaggo kuwa yana can a ƙasa ta ɗaya gefen, tana ganinsa sarai.

Ba ta yi ihu ba. Ta jira sandan ya koma daidai, Gwaggo ta juya, sannan ta fita.

Da yamma mijinta ya ga tana juya cokali a kwano ba ta kai baki. Ya kori yara su je su yi aikin makaranta, ta gaya masa komai. Ta yi zaton zai yi wasa da maganar, amma sai ya murza goshi.

"To in biyu ne, ai ba za su wuce ta ƙofar nan tare ba," ya ce. "Gwaggo kuma ba za ta bar Auta a baya ba."

Da safe ta shiga ofishin Manaja ta ce ƙofar ta yi kaɗan.

"Ke fa kika zana ta, Injiniya."

"Ni na zana, ranka ya daɗe, kuma ta yi kaɗan. A ninka faɗinta."

Ya nemi dalili. Ta ce tsohuwar giwa ba ta son matsatsin wuri. Ya dube ta kamar yana jiran saura, ta ƙi ƙarawa. Da yake bikin ya matso, ya yarda.

Masu walda suka cire ginshiƙin hagu suka matsar da shi. Da aka buɗe, Gwaggo ba ta ko tsaya ba. Ta bi ta jikin ginshiƙin dama ta shiga filin, tana tafiya tana dakatawa, kamar mai rakiyar gurgu. A tafki ta shiga har ciki. Can gefenta, inda babu kowa, ruwan ya dare ya bugi gaɓa. Baba ya juya baya ya tafi ɗebo ciyawa, kuma tun daga ranar kashi biyu yake zubawa.

Bayan damina aka kawo matasan giwaye mata guda biyu daga wani gidan namun daji da aka rufe. Injiniya ta zo kallo. Suka gaida Gwaggo, suka taɓa bakinta da hancinsu. Daga nan duka biyun suka zagaya hagunta, suka miƙa hanci a sarari suka yi ta shafa iska, sama da ƙasa, kamar masu bin siffar kai da kunne.

Gwaggo ta ƙara shekara a filin, ƙafafunta suka yi kyau, har ta riƙa kwanciya a yashi. A gindin wata itaciya ta mutu da hantsi, ba ta yi jinya ba.

Watanni bayan haka Manaja ya kira Injiniya. An yi masa tayin ƙarin giwaye biyu, yana so ta tabbatar wa kwamiti cewa filin zai ɗauka. A takarda zai ɗauka, ta san haka. Suka hau dandalin 'yan kallo tare. Matasan giwayen suna tahowa daga tafki, ɗaya can dama, ɗaya can hagu, da fili mai faɗi a tsakaninsu wanda ba ya raguwa ba ya ƙaruwa. Suna tafiya a hankali, ba irin tafiyar masu ƙuruciya ba. Doguwar ciyawar da ke tsakaninsu tana kwantawa a wurare biyu.

"Yaya kika gani?" in ji Manaja. Bai kalle ta ba, idonsa na kan ciyawar.

"Wurin ya cika, ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai. Suka tsaya a nan har giwayen suka shige inuwa.