Laimar da Tiruwork Ta Kai wa Maryam

Tef, hatsin nan mai ƙananan ƙwaya, ya nuna a gonar Asmamaw, ya sunkuyar da kai yana jiran lauje, sai a lokacin uwarsa Tiruwork ta ce tafiya ta tashi. Bakance ta yi tun zamanin yaƙi, da aka kwashe mata 'ya'ya biyu, shi da ƙanensa Mulualem: in Maryam mai tsarki ta amsa mata roƙonta, za ta taka da ƙafarta har majami'ar da ke kan dutse, ta kai laimar karammiski. Duka biyun kuwa sun dawo. Mulualem ya dawo garau, ya wuce birni yana tuƙa motar haya. Asmamaw ya dawo da mataccen kunnen hagu da guntun ƙarfe a ƙugu, ya koma bayan shanun noma.

"Emaye, ki bari in yanke tef ɗin nan mana," ya ce wa uwar. "Kwana kaɗan ne."

"Bikin Maryam zai tsaya jiran laujenka?"

Matarsa Yeshiwork ta ajiye tulu da ƙarfi. "Mai motar fa? Ya zo ya kai ki mana."

"Da ƙafa na yi alkawari, ba da taya ba. Kuma yaron nan yana da aiki."

"Au, wannan zaman banza yake yi ke nan?"

Asmamaw ya harare ta. Ya san gaskiya ta faɗa, amma akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Tun suna yara, in nama ya shigo gidan Mulualem ke fara ci. Makaranta ma shi aka kai, Asmamaw aka miƙa masa sandar kiwo. Laimar nan ce kaɗai abin da yake da rabi a ciki. Wato akwai ranar da tsohuwar nan ta durƙusa ta kira sunansa tana kuka. Yana so ya ji hakan da kunnen da ya rage masa, ko da gonar za ta tafi.

Suka bi ayarin masu ziyara, kowa cikin farin mayafi, da guzurin busasshiyar gurasar injera da soyayyen sha'ir. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, kuma kaka ce, babu inda mutum zai kai ido bai ga girbi ba. Nan ana yanka ana waƙa, can shanu suna zagaye suna sussuka. Masu gonaki su tare su da ruwa, su ce a tuna da su a wurin Maryam. Kowace gona suka wuce sai ta soki Asmamaw a zuciya, ya kau da kai ya gyara ɗaurin laimar a bayansa.

Wata rana da la'asar hadari ya taso, daga ɓangaren gida kuwa. Ruwa ya sauko da ƙanƙara, ga shi babu ko bishiya kusa.

"Emaye, mu buɗe laimar nan, sanyi zai kama ki!"

"Kul! Ta Maryam ce. Wa ya taɓa kai mata abin da ya riga ya mora?"

Ya cire bargonsa ya lulluɓe ta, ita kuma ta rungume laimar a ciki. Ya tsaya ƙanƙara tana dukansa. Duk manomi ya san abin da ƙanƙara ke yi wa tef da ya nuna: ƙwayar ta zube ƙasa, a bar ka da kara.

Daga nan ƙafafunta suka kumbura, sai ya koma goya ta. Wata 'yar ayarin mai suna Alemitu, mace mai bakin tsiya, ta dube su ta kwashe da dariya.

"Emama, a wace kasuwa kika sayi alfadarin nan? Ba ya cizo, ba ya harbi!"

"Haka yake tun yana yaro," in ji Tiruwork. "Ko dutse kika ɗora masa zai ɗauka."

Ka ji wauta irin ta ɗan da bai saba jin yabo ba: Asmamaw ya ɗauki wannan a matsayin yabo, har ya yi murmushi. A haka ya hau dutsen da ita, ƙarfen ƙugunsa yana cizonsa a kowane taki.

A can sama jama'a ta cika maƙil, ganguna na tashi. Wani limamin majami'a yana tsaye da lasifika, yana karɓar kayan bakance yana shelanta wa taro abin da kowa ya roƙa ya samu. Tiruwork ta sauka, ta rarrafa ta sumbaci ƙasa, ta miƙa laimar, ta yi masa raɗa. Aka buɗe laimar, ja wur, da tuntaye masu ƙyalli. Asmamaw ya juya kunnensa mai kyau.

"Baiwar Allah Tiruwork ta roƙa a dawo mata da ɗanta Mulualem daga yaƙi, an kuwa dawo mata da shi. Ku yi guɗa!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Asmamaw ya ci gaba da saurare. Liman ya juya ga wani mutum mai riƙe da maraƙi.

Ya taɓa Alemitu. "'Yar'uwa, kunnena ba shi da kyau. Ya ambaci Asmamaw?"

Mai bakin nan ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi.

Ya sami uwar a gindin katanga tana share hawayen murna.

"Emaye, liman ya manta suna ɗaya."

"Bai manta ba. A gaban Maryam ba a ƙari. Abin da na roƙa shi na faɗa."

"Mu biyu fa muka tafi."

"Ni na haife ku, kai za ka gaya mini? Maƙwabciyarmu ta roƙi 'ya'yanta uku, ko ɗaya ba ta gani ba. Na ji tsoro kada in cika roƙo a hana ni duka. Sai na ce a bar mini ɗaya."

"Sai kika zaɓa."

"Haba, ɗana. Kai ai mai ƙarfi ne. Ga ka nan, ba ka dawo ba?"

Ta faɗi haka ba tare da jin ta yi masa komai ba, wannan ne ya fi ci masa rai. Da ma ta ji kunya, da ya sami inda zai kama ya yafe mata. Ya tuna Yeshiwork, wataƙila yanzu tana durƙushe a gona tana tsintar ƙwayar tef cikin laka.

Tiruwork ta ɗaga hannuwanta biyu. "Sunkuya, gangaren nan ba zan iya ba. In mun sauka ka aro mini waya, in gaya wa Mulualem na sauke nauyinsa."

Ya sunkuya, ta hau. Ta ɗora haɓarta a kafaɗarsa ta dama ta fara ba shi labarin yadda Mulualem zai ji daɗi. Asmamaw ya tsaya, ya girgiza ta a hankali ya mayar da ita kafaɗar hagu, wajen mataccen kunnen, sannan ya fara gangarawa.