Farin Takalmin Sista Huraira

Sista Huraira ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, gidanta kuma yana Gyaɗi-Gyaɗi a Kano, da ƙafa take zuwa aiki ta dawo. Doguwar mace ce mai fara'a, wadda idan ta sa abu a gaba ba ta sakinsa sai ta ga ƙarshensa. Mijinta Malam Abdurrahman, ma'aikaci a sakatariyar Tarauni, ya daɗe da sanin halinta. Idan ta ce masa tana da shawara, ya san an riga an yanke, albarkarsa kawai ake nema.

A shekarun da sojoji suka koma bariki, gari ya buɗe. Wayar salula ta shigo, shagunan intanet suka cika titin Zoo, 'yan kasuwar Kwari kuma suka fara tsallake Dubai suna zarcewa ƙasar Sin. Kowa maganar kwantena yake yi. Ita Huraira abin da ya dame ta ƙarami ne: takalmin aiki. Nas tana yini a tsaye, ga doka ta ce sai farin takalmi rufaffe. Wanda ake samu a kasuwa kuwa, ko ya yi tauri kamar katako, ko ya ɓare kafin damina ta wuce. Duk wanda ya leƙa ɗakin hutun nas-nas da la'asar zai tarar sun tuɓe takalma suna matsa ƙafa.

Sai ta fara biyawa shagon intanet in ta tashi daga aiki. Da yatsa biyu take buga saƙo, amma Turancinta tsaf. Ta aika wa masana'antun takalmi da dama a Sin. Yawancinsu ko kallo ba ta ishe su ba, domin da sun ji yawan da take so sai su yi shiru. Masana'anta ɗaya ce ta amsa, ta hannun wata ma'aikaciyarsu mai suna Madam Lin, ita ma cewa ta yi ba sa kunna inji don abin da bai kai dubu ba. Huraira ba ta yi fushi ba. Ta rubuta mata cewa ita ba babbar 'yar kasuwa ba ce, amma tana aiki cikin mata masu ɗimbin yawa da kowace ke bukatar takalmin nan, kuma duk shekara makarantun jinya suna yaye wasu. In an yi mata ƙaramin yau, gobe da kanta za ta dawo neman babba.

Aka yi ta kai da komo, har Madam Lin ta sauko. Ta ce akwai wani babban aiki da za su yi wa wata ƙasa, in sun gama za su ƙara nata a wutsiyarsa, da sharaɗin ta karɓi irin ƙirar da ake yi, ta kuma yi haƙurin jira. Suka aiko mata da samfur. Da ta buɗe ƙunshin sai ta ga takalmi ƙafa ɗaya, ta hagu, babbar lamba. Malam Abdurrahman ya juya shi a hannu yana dariya, ya tambaye ta ko ɗayar ta faɗi a jirgi ne. Ta ce haka masana'antu suke yi, don kada mutum ya mayar da samfur abin sawa.

Wannan ƙafa ɗaya ta zaga asibitin nan kaf. Huraira tana ɗauke da ita a jaka, duk wadda ta haɗu da ita sai ta ce ta zura. Fata mai laushi, ƙasa mai taushi, ba nauyi. Kowa ya zura sai ya yaba. Hatta Hajiya Saratu, matiron, wato shugabar nas-nas, wadda ba ta cika yabon abu ba, ta taka shi daga bakin ofis zuwa taga ta dawo, ta ce a sa da ita. Kowace ta faɗi lambarta, Huraira ta aika.

Saura hanyar kawowa. Kayanta ba su kai ta ɗauki kwantena ba, jirgin sama kuwa zai cinye ribar. Ta sa Malam ya raka ta gidan Alhaji Kabo a Tarauni, wani dattijon ɗan Kwari mai shigo da yadi, abokin marigayi mahaifinta. Bayan gaisuwa ta faɗi abin da ya kawo ta: lungu ɗaya take so a kwantenarsa, za ta biya kuɗin wurin da rabonta na kwastam. Alhaji ya dube ta, ya ce, "'Yata, ke da allura da ma'aunin zafi, me ya haɗa ki da teku?"

Ta ce, "Baba Alhaji, ƙafa ce ta haɗa ni. Kai ka san yadi, ni na san inda takalmi yake cizo."

Ya yi murmushi, ya ce ta ba wakilinsa na can adireshin masana'antar.

Kayan sun daɗe a hanya. Jirgi ya makara, sannan kwantena ta kwanta a tashar Legas. Masu jira suka fara tsokanarta a baranda, suna tambaya ko takalman da ƙafa suke tahowa daga Sin. Ita dai dariya take yi, ta ce su tanadi safa. Ranar da motar Alhaji Kabo ta sauke kwalaye a ƙofar gida, falonta ya cika da nas-nas kafin magariba.

A nan murna ta rage. Takalman sun yi kyau, farare tas, ɗinki ba makusa. Amma Hajiya Saratu ta zura nata ya ƙi wucewa. Ta kusa da ita ta samu ya shiga, sai dai yatsunta sun haɗe wuri ɗaya. Tsawo daidai ne, faɗi ne babu. An ƙera su ne don ƙafa siririya, samfurin kuma da yake babba ne, ya yi wa kowa yalwa, shi ya sa ba wadda ta lura. Kusan rabin matan suka zauna riƙe da takalmin da ba zai sawu ba. 

Huraira ta ji abin har cikin ranta, amma ba ta bari ya fito a fuska ba. Ta miƙe ta ce, "Duk wadda nata bai shiga ba ta ajiye shi. Ba wadda za ta ɗauki abin da zai cije ta. Ni na yi odar, ni zan san yadda zan yi da su."

Bayan sun watse Malam ya tambaye ta ko za ta haƙura haka nan, tunda an gwada an gani. Ta ce ai yanzu ne ma ta san abin da za ta saya.

Washegari ta kwashi wasu ta kai wa wani baduku a Unguwa Uku, Malam Mu'azu. Ya shafa musu mai, ya cusa katakon buɗa takalmi ya bar su suka kwana biyu. Waɗanda matsinsu kaɗan ne suka saki, masu su suka karɓa. Sauran ta kai makarantar koyon jinya, inda 'yan mata masu siririyar ƙafa suka yi musu rubdugu. Ba ta ci riba ba a wannan zuwan, amma kuɗinta bai nutse ba, kuma ba wadda ta rabu da ita da ɓacin rai.

Sannan ta yanka kwalayen da kayan suka zo ciki. Duk nas ɗin da ta samu, sai ta sa ta taka kwali da ƙafa ba takalmi, ta zagaye ƙafar da biro. Ta fi son ta auna su bayan an tashi aiki, lokacin da ƙafa ta kumbura. Da Alhaji Kabo zai koma Sin ta ɗaure kwalayen ta ba shi, ta roƙe shi ya kai da hannunsa.

Da ya dawo, shi da kansa ya zo Gyaɗi-Gyaɗi ya ba su labari. Ya ce Madam Lin ta shimfiɗa kwalayen a tebur, ta kira mai ƙirarsu, suka yi ta aunawa suna magana da yarensu. Daga baya suka ce sabuwar ƙira mai faɗi tana da tsada, sai Huraira ta biya. Huraira ta koma shagon intanet ta amsa musu cewa ba za ta biya ba. Su yi ƙirar ta zama tasu, su sayar wa duk mai so daga Legas har Dakar, domin irin ƙafar nan ba a Kano kaɗai take ba. Abin da take nema shi ne su riƙa yi mata nata komai ƙanƙantarsa. Ba a yi mako ba suka amince.

Zuwa na biyu ya shiga ƙafar kowa. Hajiya Saratu ta ɗauki biyu. Labari ya kai asibitocin cikin gari, ya kai Hotoro, har daga Zariya aka fara aiko saƙo. Huraira ta kama ɗan shago a bakin titi kusa da gida, ta sa ƙanwarta Husaina a ciki, ita kuma ta ci gaba da aikinta na jinya.

Alhaji Kabo da ya ga yadda kwalayen suke ƙarewa, ya ce zai zuba kuɗi su cika kwantena guda su raba riba. Ta yi masa godiya sosai, ta ce farin takalmi in ya daɗe a ajiye rawaya yake yi, gara ta riƙa kawo abin da za ta sayar kafin na gaba ya iso. Ya gyaɗa kai, ya ce lungunta yana nan duk tafiya. A tafiyar da ta biyo baya ta ƙara da baƙin takalmi na nas-nas maza, waɗanda suka daɗe suna ƙorafin an manta da su.