Fuskar Masuncin Bango

A bangon gidan Dona Graciete, cikin tsohuwar unguwar Lisbon, akwai masunci da jirginsa, shuɗin zane ne a kan tayil, wanda ya girmi kakarta. Kullum baƙi na cincirindo suna ɗaukarsa hoto. Wata safiya ta tarar an ɓamɓare tayil mai fuskar masuncin.

"Aikin baƙin nan ne, Dona Graciete," in ji maƙwabcinta Abílio, mai rumfa a kasuwar tsofaffin kaya. "Bar ni da gadin."

Daga ranar, duk baƙon da ya matso sai ta leƙo ta taga ta watsa masa harara. Abílio ya kafa kujera a gindin bangon, amma duk da gadinsa, tayil mai jirgin ma ya yi ƙafa.

Ran Talata, a kasuwar tsofaffin kaya, wata baƙuwa ta tare ta, riƙe da fuskar masuncin.

"Iya, na asali ne kuwa? Mai rumfar ya rantse na maƙwabciyarsa ne, wai bara ta rasu."

Graciete ta waiwaya, sai ga Abílio yana ƙoƙarin laɓewa bayan tulin faranti.

"Na asali ne, 'yata," ta ce. "Ni ce marigayiyar."