Abin da Ke Ƙasan Layi

Sa'id bai gama kurɓar shayinsa ba Ustaz Yasir, manajan ofishin Sinnar, ya leƙo ta taga ya yafuto shi. Ya ajiye kofin ya miƙe yana gyara wuyan riga, don a zatonsa yabo aka kira shi ya karɓa. Kuma fa yana da dalilin yin zaton.

Kamfanin nasu na noman rani ne. Yana jan ruwan kogi da injuna, ya yanka wa manoman ƙauyukan Abu Hujar gonakin da ake kira hawasha. Ma'aikata shida, duk Hausawa, su ke zagaya gonakin suna rubuta rahoto a kwamfuta. Shekara tara Hajja Intisar ce ke bin rahotannin ɗaya bayan ɗaya tana ɗora su a wikin kamfani, shafin da kowa ke karantawa har manyan da ke Khartum. Kwana uku take ɓatawa a kai duk mako. Sa'id, da ya zo da digirinsa sabo fil da rawar kai irin ta masu digiri, ya ce wannan wahala ce ta banza. Ya rubuta 'yar manhaja da za ta riƙa kwashe duk abin da ma'aikatan suka ajiye, ta ɗora shi da kanta ƙarfe bakwai na safe. Hajja ta tafi Rufa'a ta'aziyya, shi kuma ya kunna abarsa, wai don ta dawo ta tarar an hutar da ita. Har tsofaffin rahotanni na shekara biyu sai da ta kwaso.

"Aikinka ya yi kyau, ya zol," in ji Ustaz Yasir, wato "mutumina" a Larabcinsu, yana juyo da fuskar kwamfutar. "Amma mene ne wannan? Haruffan namu ne, maganar ba tamu ba ce. Khartum sun bugo suna tambaya."

A ƙarshen rahoton an ja dogon layi, a ƙasansa kuwa Hausa ce da ajami. Sa'id ya yi murmushi, ya sunkuya ya fara fassarawa jimla bayan jimla, kamar ɗalibin da aka ce ya tashi ya burge baƙi.

"Ya ce, tsohon nan idonsa na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu ma sai dishi-dishi. 'Yarsa ce ke noma gonar tun bara. Duk wanda ya je zagaye ya rubuta cewa ya same shi a gona. Ya roƙe mu da girman Allah kada ɗansa ya ji, don kada ya bar aiki ya dawo gida. Hawasha ta arba'in da bakwai, Malam..."

Nan harshensa ya tsaya. Sunan yana nan ƙarara, Malam Mato, kuma ko da ba sunan, Sa'id ya san lamba arba'in da bakwai tun yana yawo ba wando.

Ustaz Yasir ba mugun mutum ba ne, amma ba ya mantuwa da doka. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma ya san yarjejeniyar, mai hawasha shi zai noma ta da hannunsa, in ya kasa sai ɗansa namiji da ke zaune a ƙauyen, in babu, kamfani ya karɓe. Da a ce shi kaɗai ya gani da sun san yadda za su yi, amma Khartum sun riga sun gani, kuma ba za su rasa mai karanta musu ba. Suna son amsa ƙarshen wata.

Sa'id ya koma teburinsa ya kashe manhajar, ya goge shafin. Aikin banza, domin wiki ba ya mantuwa, duk abin da aka goge yana nan a tarihin shafi. Yana zaune ya dafe kai Hajja Intisar ta shigo da ƙurar hanya a mayafinta. An riga an gaya mata a bakin ƙofa.

"Hajja, me ya sa ba wanda ya gaya mini akwai layi?"

"Ka tambaya?" Ta zauna a hankali tana riƙe gwiwa. "Ka zaci kwana ukun nan rashin iya kwamfuta ne. Abin da ke saman layi na kamfani ne, na ƙasa namu ne. Wanda matarsa ke jinya, wanda ya ara wa maƙwabci ranar ruwansa, wanda ya tsufa. Ina karantawa, in yanke, in ɗora sauran. Haka muke tun kafin ka gama sakandare."

"To na Baba fa? Ubana ne, Hajja."

"Shi ya hana. Ni kuwa duk safiya sai in ga ka shigo kana dariya, in kau da kai."

Ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya fita ya hau motar Abu Hujar, aka cusa shi tsakanin buhun albasa da wani mai tumaki. Duk hanya yana tuna Sallar da ta wuce. Baba bai fito tarbarsa ba, yana zaune a zaure ya ce ƙafa ke damunsa. Sa'id ya miƙa masa waya ya ga hoton ofis, tsohon ya riƙe ta ya daɗe, ya ce, "Masha Allah, wuri ya yi kyau." Ashe ba abin da ya gani.

La'asar sakaliya ya isa. Ƙanwarsa Sakina ya fara gani tana dawowa daga gona, laka har gwiwa, fartanya a kafaɗa. Ta yi baƙi ta rame, tafin hannunta ya yi kanta. Ita ce ta riƙe gonar nan damina da rani, amma a takardar kamfani ko sunanta babu, kuma ba za a sa ba. Ta dube shi ta dubi jakarsa, ta wuce gaba.

Malam Mato yana zaure kan buzu, carbi a hannu. Tun kafin a yi sallama ya ɗaga kai.

"Takun Sa'idu ne wannan. Yau Talata, mi ya kawo ka?"

Sa'id ya durƙusa gabansa. Yanzu da ya san abin da zai duba, ya gani sarai, idanun suna kallon gefen kunnensa ne. Ya faɗa masa komai, bai rage ba, har da cewa shi da bakinsa ya karanta wa manaja. Yana faɗa hawaye na zuba, bai share ba, tunda ba mai gani sai Sakina.

Tsohon ya miƙo hannu. Ya laluba ya kamo hannun ɗansa, ya shafa tafin, mai laushi kamar na jariri.

"Su karɓe abarsu," ya ce. "Rabin garken gidan nan na sayar don kada hannun nan ya riƙe fartanya. Gobe ka koma."

"In sun karɓe, me za ku ci, kai da Inna da Sakina? Albashina ko dawar wata uku ba zai saya ba."

"Na ce ka koma."

Sa'id bai taɓa musa wa ubansa ba, yau ma bai musa ba. Ya cire takalman ofis ya ajiye su a gefe, ya gyara zama.

"Baba, wace rana ce ranar ruwanmu?"

Carbin ya tsaya. Sakina ta jingina fartanyar da bango ta shige cikin gida. Can tsohon ya saki hannun, ya juya fuskarsa wajen bango.

"Alhamis," ya ce. "Bayan Asuba."