Ƙara, Baba

"Hura, Baba, hura! Kada ka tsaya!" in ji nas ɗin.

Tsohon ya dage ya hura cikin bututun har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ɗan ƙwallon da ke cikin na'urar ya motsa kaɗan, ya koma ya kwanta. Auta, 'yarsa, ta kau da kai. Da iskar bakin nan ya biya mata kuɗin karatu, yana sayar da balan-balan a ƙofar firamare.

Likita ya ce huhun lafiya lau. "Naman da ke jan numfashi ne ya saki, kamar yadda gwiwa take saki. Tsufa ne."

"To, maganin fa?" Auta ta tambaya a fusace.

"Sai dai ya rage aikin wahala."

"Na'urarku ce ta tsufa," in ji Baba, yana gyara hularsa.

A hanya ta saya masa famfon hura iska. Ya jujjuya shi, ya miƙa mata abinta. "Faci kika ga ina yi?"

Bai taɓa sayar da hurarren balan-balan ba. Yaro zai zaɓi launi, shi kuma ya hura a gabansa, kumatu kamar na kwaɗo, ya dakata ya ce, "Ya isa?" Yara su yi ihu, "Ƙara!" Wannan wasan suke saye.

Ta bi shi har ƙofar makarantar. Da aka tashi, wata yarinya mai giɓi ta zaɓi ja. Ya hura, ya hura, da ƙyar ya kai girman lemo.

"Ya isa?"

"Ƙara, Baba!"

Ya sake kai shi baki. Tari ya taso masa, tarin ma ba ƙarfi, kafaɗunsa kawai ke rawa. Iskar ta sulale ta tsakanin yatsunsa. Auta, da ba a taɓa kayar da ita a cacar baki ba, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Bai dube ta ba, ya miƙo mata robar. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta cika ƙirji ta hura. Jan ya kumbura har ya rufe mata fuska.

Daga bayan balan-balan ɗin ta ji muryar Baba, siririya, tana tambayar yarinyar:

"Ya isa?"