Allura a Bayan Tela

Tela ya naɗe wando har gwiwa, ya miƙa wa likita ƙafar hagu.

"Ga ta nan, 'yar nan. Daga cinya har yatsu wutar take ci."

Likita ta yi dariya. "Baba, rub da ciki za ka kwanta. A baya za mu yi."

Ikon Allah! Ƙafa ke ciwo, baya zai sha allura? Ya kwanta dai, amma bakinsa bai kwanta ba. Mutumin da ya tsufa yana soka wa yadi allura, ai dole ya ga wadda za a soka masa. Aka nuna masa. Ya jinjina tsawonta, ya tambaya ina kafar zare.

"Idan ɗinki ya cukurkuɗe, yadin kake duka?" in ji likita.

"Haba! Keken zan buɗe."

"To, jijiyar ƙafarka daga baya ta fito. Can aka matse ta, ta kumbura."

Ya leƙa allon na'urar hoto da ke gefensa, ya ga ƙashin bayansa a jere, ga allura tana ratsawa a hankali. Wani nauyi ya sauka har diddige. Wallahi, hannun yarinyar ya burge shi.

"Shi ke nan na warke?"

"Kumburin zai sauka, ka samu sauƙi na wani lokaci. Abin da ya matse jijiyar yana nan. In ka koma duƙawa kana taka keke, ciwon zai dawo."

Nan fa tsoro ya kama shi sosai, don bai san kansa ba sai a kan keken nan.

A hanyar gida autarsa ta riƙe masa hannu, ya ce su biya shago. Ya daɗe yana kallon tsohon kekensa, ya shafa matakin da ƙafarsa ta cinye. A lungu kuwa ga na lantarki da auta ta kawo masa tun bara, ko daga kwali bai fita ba. Keken ragwaye yake kiransa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗora min na ragwayen nan a kan teburin yanka." Ya kau da kai don kada ta ga idonsa. "In gani ko ana ɗinki a tsaye."