Zuciyar Lantana a Shafi na Huɗu

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan kujera, na yi wani mafarki. Amma bari in fara da abin da ya jawo shi.

Sista Kande, maƙwabciyarmu da ta yi ritaya daga asibiti, ta shigo duba ƙanwata Lantana. Da za ta tafi sai ta ja ni zaure ta rage murya. Wai ana ta faɗa a asibiti cewa hoton zuciyar da ya ɗaga Farfesa Labaran har sunansa ya tsallaka teku, na Lantana ne. Wai masana sun ambaci takardar da ya rubuta a kansa sau ɗari takwas da goma sha biyu, kuma a wurinsu yawan ambato shi ne girman mutum. Ni shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da lissafi, shi kansa Labaran ɗin ta ajina ya wuce, don haka lamba ba ta ba ni tsoro. Abin da na sani shi ne, Lantana a dama Allah ya ajiye mata zuciya, shekara huɗu ke nan da Farfesa ya ɗauki hoton, kuma har yau ba wanda ya gaya mana abin da ya gani. Yanzu a zaune take barci da matashin kai uku, daga gado zuwa banɗaki sai ta huta sau biyu. Na je shagon masu kwamfuta suka nemo min takardar suka buga, shafi tara. Na dawo na ɗora ta a cinya, ina laluben tabarau, sai ido ya rufe.

Na tsinci kaina a wani gari da ruwan sama yake fitowa daga ƙasa yana tafiya sama. Mutane sun kifa lemarsu suna tafiya a cikinta. Ban yi mamaki ba. Katin asibitin Lantana na hannuna, na san abin da ya kawo ni.

Ofishin farko wani bunsuru ne a kan kujera mai juyawa, da hula da biro a kunne. Takardu sun kai rufi, yana zaro su ɗaya bayan ɗaya, ya sunsuna, ya cinye.

"Ranka ya daɗe, sakamakon hoton zuciya na zo karɓa."

"Sau nawa aka ambace ki?"

"Ni? 'Yan ajina sun sha ambatona, amma ba da alheri ba."

"Ba a buga ba, ba ya shiga lissafi," in ji shi. Ya karɓi katin, ya sunsuna. "Wannan ba wanda ya taɓa ambatonsa."

"Sau goma sha ɗaya aka buga masa hatimi. Duba baya."

Ya duba, ya gyaɗa kai, ya cinye katin har da igiyar. Ya ce tun da na manyanta zai yi min alfarma, in bi ta taga in fita filin ambato.

Filin kamar na Idi, sai dai ba sahu, da'ira aka yi. Masana ne zazzaune da manyan riguna, kowa da carbi a hannu. Wannan ya kira sunan na damansa, na daman ya ƙaru da taƙi ɗaya. Shi kuma ya kira sunan na gaba, har a zagayo. Wanda aka yi jinkirin kiransa sai ya kira kansa da kansa, ya ja carbi. Wasu sun kai tsawon giginya. A tsakiya akwai ƙafafu biyu cikin takalmi sau-ciki, sun shige gajimare. Aka ce min Farfesa Labaran ke nan.

Na ji ana jan bakin zanena. Wata likita ce, tsawonta bai wuce butar alwala ba, tana jan abin sauraren ƙirji a ƙasa kamar akuya da igiya.

"Mama, kin ɓata ne?"

"'Yar nan, me ya cinye ki haka?"

"Marasa lafiya nake gani. Yau sittin da uku. Ba na samun lokacin rubutu, shi ya sa kullum nake raguwa. Bara na kai tsawon kujera."

Na gaya mata abin da nake nema. Ta ce ai ta san hoton, tana tsaye a bayan Farfesa ranar da aka ɗauka, kuma ta karanta shi sarai. Ta ce in sunkuyo ta faɗa min. Gwiwata ba ta son sunkuyo, kafin in kai ƙasa ruwa ya ɓullo daga ƙarƙashinta ya yi sama da ita. Ina ganin bakinta yana motsi har ta zama ɗigo. Ba wanda ya ɗaga kai. Ba su san sunanta ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai ga ni a wani dogon ɗaki mai sanyi. An ɗaura igiyoyin shanya daga bango zuwa bango, an rataye zukata da maƙalin kaya, kowace da lamba. Yawancinsu ƙura ta rufe. Can ƙurya an ɗora ɗaya a kan kilishi, fitila na haska ta, baƙi farare da baƙaƙe sun yi layi. Kowa ya iso sai ya ce "madalla," wata akuya ta ja carbi, ya wuce.

Na gane ta tun daga nesa, don ta karkata dama, kuma tana haki irin na mai ita. Ta buga biyu, ta huta, ta buga ɗaya.

"Yaya, kin zo?" in ji zuciyar. "Kin rufe tukunyar waken?"

"Na rufe. Me suka ce yana damun ki?"

"Ba sa magana da ni. A kaina suke magana."

Na ce wa akuyar, tun da ga masana sama da ɗari takwas sun wuce ta nan, ba a rasa ɗaya da zai duba ta. Ta dube ni kamar na ce a zuba gishiri a shayi.

"Hajiya, kin ga 'yar ƙofar nan da ta tsuke? Ita ake zuwa kallo. A dama, kuma a tsuke, ba a samun irinta. In aka gyara, me za a ambata?"

"Mai ita fa?"

"Wace mai ita? Hoto na biyu ne, shafi na huɗu."

Na koma fili. Wani ya jingina tsani a jikin Farfesa, na tattare zane na hau. Na wuce gwiwa, na wuce aljihu cike da tikitin jirgi, na wuce ƙirji. Na kasa kunne a nan, don son sani, na ji ƙarar injin buga takarda. Da na isa kafaɗa numfashina ya kusa ƙarewa. Kunnensa kamar ƙofar zaure.

"Kai! Ka gane ni?"

"Malama Uwani! Ina wuni, Malama? Ya ƙarfin jiki?" Ladabinsa na nan yadda na san shi, har yana ƙoƙarin rusunawa, gajimare ya hana.

"Jiki ba nawa ba ne ya kawo ni. Matar da ka ɗauki hoton zuciyarta, mai zuciya a dama, ƙanwata ce."

"Allahu akbar. Malama, ai wannan hoton ya yi albarka. An ambace shi a ƙasa arba'in da ɗaya."

"Me ka gani a ciki?"

"Na rubuta ai. Duniya duk ta karanta."

"Ita ba ta jin Turanci. Ɗinki take yi."

"Ba ta dawo ba ne. Haka na rubuta."

"Sau goma sha ɗaya ta dawo. Ni na raka ta bakwai. Kullum ka tafi taro."

Ya ja carbi kaɗan. Ya ce zuwan da ba a buga a mujalla ba, a ƙa'idar garin nan ba a yi shi ba, amma ni malamarsa ce, zai gaya min. Sharaɗi ɗaya ne, ba a amsa tambaya sai mai tambaya ya faɗi sunan mai takarda da shekarar da ta fito. Ƙa'ida ce, ba shi ya kafa ba.

Na san abin da zai faru. Wanda ya koyar da lissafin ƙari shekara talatin da huɗu ba ya buƙatar a gaya masa. Amma daga can ƙasa ina jin bugun nan, biyu, hutu, ɗaya. Na buɗe baki na faɗi sunansa da shekarar.

"Ɗari takwas da sha uku!" in ji awaki daga ƙasa, aka yi guɗa.

Ya ƙaru da taƙi ɗaya. Kunnen ya wuce ƙarshen tsanin. Na ga haɓarsa tana motsi, yana cika alkawari, yana bayani dalla-dalla, ruwa na kwashe maganar yana yin sama da ita. Na kira shi da ƙarfi, ya ƙaru. Na sake kira, ya ƙaru. Sai na kama bakina, na riƙe tsani, ina jin ana buga wani abu a ƙasa, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Cokali ne a jikin kwano. Tun da muryarta ta daina kaiwa tsakar gida, haka Lantana take kirana.

Na kai mata ruwa. Ta sha rabi ta huta, ta ga takardar a hannuna.

"Yaya, ke da kika je bincike, minshari nake ta ji. Ni ce ɗin, ko Sista Kande ce da surutunta?"

"Bari in sa tabarau."

"An ce har Turawa sun san ni. Da na sani da na ɗaura ɗankwali mai kyau ranar."

Na zauna a bakin gadonta na buɗe shafi na huɗu. Hoto na biyu na nan, da kwanan watan da ke cikin katinta. A ƙarƙashinsa an rubuta: mace, shekara hamsin da tara, mai ɗinki, zuciya a dama. Ƙofar zuciyar ta tsuke ƙwarai. Tana buƙatar tiyata cikin wata shida. Ba ta dawo ba.